Mene ne "kanon"? Rigimar masu kallon katun ɗin Tekken da Street Fighter

Duk inda masu gem ke gardama kan katun da aka ciro daga wasan faɗa, sai wani ya ce "ai wannan ba kanon ba ne". Kalmar daga Girkanci take, asalinta sandar awo, daga baya Kiristoci suka riƙa kiran jerin littattafan da coci ta amince da su da wannan suna. A bakin masu gem kuwa, kanon shi ne labarin da kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ya tabbatar cewa shi ne ya faru, wanda kashi na gaba zai ɗora a kai.

Wasannin faɗa sun fi kowa buƙatar kalmar. A Tekken 3, wanda Namco ya fitar a 1997, duk ɗan wasan da ka zaɓa, in ka gama da shi, za a nuna maka ƙarshen da shi ne gwani. To amma gasar dambe ba ta da zakara ashirin. Dole a zaɓi ɗaya. Tekken 4 ne ya raba gardama: Jin Kazama ya kashe Ogre, babban mugun wasan, sai kakan Jin, Heihachi, ya ci amanarsa ya harbe shi, jinin shaiɗan da ya gada ya tashe shi. Galibin sauran ƙarshen sun zama "da a ce".

A kan wannan labari aka gina katun ɗin Tekken: Bloodline, mai kashi 6, da Netflix ya saki a 2022. Ya bi kanon sau da ƙafa a manyan wurare, tun daga horon da Jun ta ba ɗanta Jin har zuwa harbin nan, ko da yake an cuso Leroy Smith, wanda sai a Tekken 7 ya fara bayyana. Amma biyayyar ba ta cece shi ba. Gasar da aka daɗe ana jira an wuce ta a guje, wasu 'yan wasan sai dai ka hango su, ga kuma wata inuwa mai kusurwa uku da aka manna a fuskokin mutane, wadda masu kallo suka yi ta ƙorafi a kanta.

Katun ɗin Street Fighter II V na 1995, mai kashi 29, bai damu da kanon ɗin Capcom, kamfanin da ya yi wasan, ba. Ya mai da jaruman wasan, Ryu da Ken, samari, sojan nan Guile ya lakaɗa musu duka tun da wuri, suka bazama duniya neman ƙwarewa. A ganina ya fi Bloodline daɗin kallo, don an ba Ryu lokaci ya sha wuya kafin Hadoken, ƙwallon ƙarfin da yake harbawa, ya fita daga hannunsa.

Wani lokacin ma ruwan baya yake gudu, wasan ne ke ara daga katun. Katun ɗin Mortal Kombat: Defenders of the Realm na 1996, kashi 13, an wanke masa jinin da aka san wasan da shi saboda yara, masoya ba su yafe ba. Duk da haka, a cikinsa aka fara ganin matsafin nan Quan Chi, kafin ya shiga wasannin a 1997, ya zama ɗaya daga cikin manyan miyagun labarin.