Tallafin FISAN ga mai garka: kyauta ce ko bashi?

Da zarar an ce tallafin noma ya zo, abin da kunnen mutanenmu na Tawa ke ji shi ne za a raba kuɗi. Tsarin ba haka yake ba, kuma gara manomi ya san yadda yake tun bai kashe kuɗin mota zuwa banki ba.

A shekarar 2017 gwamnatin Nijar ta kafa asusun FISAN, na zuba jari a noma don wadatar abinci, a ƙarƙashin shirin nan na 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. Ƙofofi uku gare shi. Ɗaya ta ƙananan hukumomi ce, don manyan ayyuka irin su kasuwa da ma'ajiyar amfanin gona. Ɗaya ta horo ce da ba manoma shawara. Wadda ta shafi mai garka kai tsaye ita ce wadda ake kira ƙofa ta farko, inda ake haɗa tallafi da bashi wuri ɗaya.

Rabon da aka saba shi ne: manomi ya kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin, tallafi ya ɗauki kashi 40, banki ko asusun ƙananan basussuka ya ranta kashi 50. A ce mai albasa ne a kwarin Maggiya, ya gaji da sayen mai kwalba-kwalba a bakin hanya don injin ban ruwa, yana son rijiya da fanfo mai aiki da hasken rana. Idan aikin ya tashi jika 1000, shi zai ajiye jika 100, tallafi ya biya 400, sauran 500 bashi ne a wuyansa, da kuɗin ruwansa. Kashi 40 ɗin ba a maido shi. Amma ba ya fitowa shi kaɗai: in banki bai yarda ya ba ka rance ba, tallafin ma bai zo ba. Bankin manoma BAGRI na cikin masu wannan aiki.

Inda tafiyar ta fi cijewa ita ce takardar gona. Da yawanmu gado muka ci, kowa a gari ya san iyakar gonar wane, daga wancan gawo zuwa bakin ƙorama. Banki kuwa bai san gawo ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira COFO, waɗanda yau ake samu daga ƙauye har zuwa ƙaramar hukuma. Ta nan ake samun shaidar mallaka, ko ta saye, ko ta aro. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ga mata da samari, don su ne suka fi noma a gonar da ba tasu ba. Ni a ganina, ko ba ka da niyyar cin bashi, ka nemi takardar nan, domin tana kashe rigimar magada tun ba ta taso ba.

Wajen haɗa takardun neman, majalisar manoma ta jihar Tawa, CRA, tana da ma'aikatan da ke taimakawa da lissafi. A je musu da gaskiyar abin da garka ke bayarwa, kada a ƙara gishiri.

Abin da nake roƙon kowa ya tsaya a kansa kafin ya sa hannu shi ne ranar biya. Albasar Galmi tana faɗuwa warwas lokacin cira, sa'ad da kowa ya zubo tasa kasuwa, sai damina ta yi nisa take tashi. Wanda aka yanka wa biya daidai lokacin cira, dole ya karyar da buhunansa don ya sallami banki. Ka nemi a ja maka ranar zuwa bayan ajiya, ka kuma tambaya ko za a sa kuɗin gyaran rudu, wato rumbun ajiyar albasa, cikin lissafin aikin tun farko.