Binciken Zamantakewa Kan Yadda Hausawa Ke Riƙe Al'adunsu a Zamanin Yau

Wannan wani reshe ne na ilimin zamantakewa da yake bin diddigin yadda jama'a ke riƙe al'adunsu da ɗabi'un da suka gada bayan boko da birni da kuɗi da gwamnati da fim da waya sun shigo rayuwarsu. Tambayar da masu binciken ke yi ita ce me ya sa wata al'adar take rayuwa wata kuma ta mutu, kuma wadda ta rayun, ita ce dai ta kaka da kakanni ko kuwa an sake mata kama ba a sani ba. Hanyar aikin galibi zama ne cikin mutane wata da watanni, a koyi harshensu, a yi ta hira da tsofaffi da 'yan kasuwa da matan aure, wani lokacin a haɗa da ƙidayar gidaje. Hausawa na cikin al'ummun Afirka da aka fi yi wa irin wannan binciken.

Na farko-farko

Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa ya fito a 1946. Sai M. G. Smith da matarsa Mary Smith da suka yi aiki a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, shi yana bin sarauta da tattalin arziki, ita kuma ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, aure da kishi da goyo da bauta da zuwan Turawa, aka buga da Turanci a 1954. Har yau in ana son sanin yadda rayuwar mace take a karkarar Hausa kafin Turawa can ake komawa. Polly Hill ta yi nata a Batagarawa kusa da Katsina, inda ta duba gandu, wato noman haɗin gwiwa na uba da 'ya'yansa, da yadda yake watsewa, littafin ya fito a 1972. A 1974 kuma aka buga laccar Kirk-Greene kan mutumin kirki, inda ya jero abubuwa goma da Bahaushe ke auna mutum da su, gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ɗalibai na son wannan jerin sosai don yana da sauƙin haddacewa, amma dai abin da mutane ke cewa ya kamata a yi ne, ba lallai abin da suke yi ba.

Sabo ta Ibadan

Binciken da ya fi taɓa zuciyar maganar ba ma a ƙasar Hausa aka yi shi ba, a Sabo ta Ibadan ne, unguwar da aka ware wa Hausawa a 1916. Abner Cohen ya zauna can a 1962 da 1963, lokacin mutanen unguwar sun ɗan haura 4,000, littafinsa ya fito a 1969. A wancan lokacin masana da yawa sun ɗauka duk wanda ya shiga babban birni al'adarsa narkewa za ta yi, to sai ya tarar da akasin haka, Hausawan Sabo riga da hula da harshe da aure a junansu da biyayya ga Sarkin Hausawa sai ƙara ƙarfi suke yi.

Dalilin da ya gano shi ne shanu da goro. Shanu na saukowa daga arewa, kuma ba sa jimawa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da wuri, mahautan Yarabawa kuwa bashi suke ɗauka sai sun yanka sun sayar su biya, goro kuma yana hawa arewa shi ma ba ya son jira, ga ba banki ba inshora ba takarda, duk harkar a kan amana take tafiya. Mai gida shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, kuma shi ne zai tsaya in mahauci ya ƙi biya. Falken da ya taso daga Kano ko Katsina ba zai damƙa garkensa ga wanda bai sani ba sai ya ga harshensu ɗaya, masallacinsu ɗaya, kuma akwai sarkin da zai kai ƙara wurinsa in an cuce shi. Kun ga ke nan Hausanci a Sabo jari ne, wanda ya sake shi ya saki kasuwa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne farkon shekarun 1950. Siyasar jam'iyyu ta shigo, Turawan da ke ɗaure wa Sarkin Hausawa gindi suna shirin tafiya, Yarabawa Musulmi kuma sun yi yawa ta yadda Musulunci kaɗai bai isa ya bambanta Bahaushe ba. A daidai nan ne mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya kusan gaba ɗayansu, suka ware masallacin Juma'arsu. Cohen ya fassara wannan da cewa sun gina sabuwar katanga ce da ta maye gurbin wadda ta rushe. An soki wannan fassarar, ana cewa ya mai da imanin mutane tamkar dabarar kasuwa, kuma gaskiya sukar tana da ƙamshin gaskiya, mai wazifa ai ba lissafin goro yake yi ba. Amma dai ya nuna abu ɗaya da ya zauna, abin da baƙo zai gani ya ce tsohuwar al'ada ce wani lokacin shekararsa goma kacal.

Zango da talla

Enid Schildkrout ta ga wani abu kusa da wannan a zangon Kumasi a Gana (littafin 1978), inda 'ya'yan Mosawa ('yan asalin ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso) da aka haifa a can suka tashi da Hausa a bakinsu da al'adun zango, wato al'adar Hausa ta rayu a hannun waɗanda asalinsu ba Hausawa ba. Daga baya ta zo Kano ta duba talla, ta nuna matar kulle ba ta iya sana'a sai da yaran da za su kai mata ƙosai ko tuwo kasuwa, kuma ribar ce ke zama kayan ɗakin 'yar, saboda haka da aka kawo ilimin firamare kyauta a 1976 ba makaranta kawai iyaye mata ke gudu ba, jarinsu aka taɓa. Mai wa'azin a daina talla da bai san wannan ba zai gaji da magana.

Fim

Nan ne rigimar ta fi zafi. 'Yan Lebanon masu gidajen sinima sun fara kawo finafinan Indiya arewa tun shekarun 1950, Brian Larkin ya bi wannan tarihin a Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya yi rubutu da yawa kan yadda finafinan Hausa da suka fara a 1990 suka ari rawa da waƙa daga can. Larkin ya ce abin da ya ja Hausawa shi ne auren dole da kunya da biyayyar iyaye da suke gani a ciki, ya fi kama da gida fiye da na Amurka. Masu suka kuwa cewa suke gurɓata tarbiyya ne, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a 2016 hayaniya ta sa gwamnatin tarayya ta fasa gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano.

Cibiyoyi da rajistar UNESCO

Akwai Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kano tun 1969, da Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, da cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO a Yamai tun 1968. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta yi yarjejeniya a 2003 kan al'adun da ba a iya taɓawa da hannu. A ƙarƙashinta aka sa wasan barkwanci na Nijar a 2014, irin tsokanar da ke tsakanin Zabarmawa da Buzaye, kamar dai ta Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, sai bikin kamun kifi na Argungu a 2016, wanda ake danganta farkonsa a yadda yake yanzu da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, sulhu ne bayan tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato.

Hawan Sallah na Kano shi ma darasi ne. Ana kai asalinsa ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), amma kalmar daba (durbar) da ake kiran hawan da ita daga Indiya Turawa suka taho da ita, an yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956, an sake yi a bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977, Hawan Nassarawa kuwa gaisuwar Razdan (Baturen da ke mulkin lardi) ce asalinsa, yanzu gwamna ake gaisarwa. UNESCO ta sa shi a rajistarta a Disambar 2024, shekarar da 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin sarautar Kano.