Waiwaye: Inda Aka Koyi Zana Baƙaƙen 'Yan Wasa Haka

Duk sanda aka zana ɗan wasa baƙar fata da kumburarren leɓe da haɓa a turo gaba, sai gardama ta ɓarke a Turai da Amurka. Wasu su ce wariyar launin fata ce, wasu su ce ai zanen barkwanci ba ya raga wa kowa. A ganina, hannun mai zanen yana bitar darasin da ya girme shi da fiye da shekara 200.

Girkawan dā sun ɗauki jikin ɗan wasa ma'aunin kyau, kamar mutum-mutumin mai jifan faifai da masassaƙi Myron ya ƙera wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan kafa makarantar zane ta masarautar Faransa a 1648, ɗalibi kan daɗe yana kwaikwayon irin waɗannan gumaka kafin a tsayar masa da rayayyen mutum. Idonsa ya riga ya saba da fuska iri ɗaya.

Abin da aka fi mantawa da shi ya faru a Amsterdam a 1770. Petrus Camper, masanin ƙirar jiki, ya gabatar da lacca a makarantar zane ta birnin. Abin da ke damunsa shi ne masu zane na zana Bature su shafa masa baƙin fenti su ce ɗan Afirka ne. Sai ya kawo awo: a ja layi daga kunne zuwa ƙasan hanci, a ja wani daga goshi zuwa haƙoran gaba, a auna kusurwar da suka haɗu. Gunkin Apollo, abin bautar Girkawan dā, ya sami digiri 100, Bature 80, ɗan Afirka 70, birin orangutan 58. Shi Camper ya yarda cewa 'yan Adam tushensu ɗaya. Amma da aka buga zanen a 1791, bayan rasuwarsa, kawunan suna jere a shafi guda, daga biri har Apollo. Jeren ne ya zauna a zukatan masu koyo, bayanin kuwa ya bi iska. Abin da aka yi don gyara ido ya koma tsanin fifita wani jinsi a kan wani, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Da Tom Molineaux, baƙar fata daga Amurka, ya yi dambe da zakaran Ingila Tom Cribb a 1810 da 1811, zane-zanen karawar sun bazu, kuma a wasunsu da gangan aka munana fuskarsa.

Amma a 1818 mai zanen Faransa Théodore Géricault ya zana 'yan dambe biyu, baƙi da fari, sun yi cirko-cirko, ƙirji da damtse kowa da nasa, ba wanda aka rage wa kwarjini. A wannan lokacin ne kuma wani mutumin Haiti mai suna Joseph ke zuwa ɗakin aikinsa, ya tsaya a gabansa, Géricault na kallonsa yana zanawa.