Waiwaye: Yadda umarnin UPDATE ya zama jan aiki a manyan tebura

A ranar bikin Halowin ta 1976, masu bincike uku na kamfanin IBM, wato Don Chamberlin da Pat Selinger da Morton Astrahan, suka gwada wani umarni mai sauƙi na UPDATE, wato umarnin canja bayanan da ke cikin tebur a rumbun bayanai na kwamfuta: duk ma'aikacin da albashinsa bai kai dala 25,000 ba, a ƙara masa kashi 10 cikin ɗari. Ko da aka gama, babu ko mutum ɗaya da ya rage ƙasa da 25,000. Ashe injin rumbun bayanan yana bin fihirisar albashi ne, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake bisa girman albashi, daga ƙasa zuwa sama. Da ya ƙara wa mutum, sai layinsa ya matsa gaba, injin ya sake cin karo da shi, ya sake ƙara masa, har sai ya haye iyaka. Maganin shi ne a fara tattara layukan da za a taɓa kafin a canja su, aikin da ke cin lokaci da wuri.

Shekara shida kacal ke nan bayan Edgar Codd ya fitar da tsarin ajiye bayanai a tebura a 1970, amma tun a lokacin an ga inda gizo ke saƙa. Fihirisa, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka wallafa tsarinta na B-tree a 1972, takobi ce mai kaifi biyu. Ita ke kai ka ga layi ɗaya cikin miliyoyi ba tare da ka karance tebur duka ba, amma in ka canja abin da ta rataya a kai, ita ma sai an gyara ta. Ga kuma kundin da ake fara rubuta kowane canji a ciki, don kada ɗaukewar wuta ta lalata bayanai.

Sai batun kulle. Mai canja layi kan kulle shi, ya tsare masu karatu, kowa ya yi cirko-cirko. Don magance wannan, PostgreSQL, wani tsarin rumbun bayanai, ya koma ajiye kwafi fiye da ɗaya na kowane layi a 1999. A nan, a ganina, abin ya fi ban sha'awa, domin UPDATE ya daina goge tsohon layi: sabo yake rubutawa, ya bar tsohon kwance sai umarnin tsabtacewa na VACUUM ya zo ya share. Ka taɓa dukkan layukan tebur mai layi miliyan 50 a lokaci ɗaya, tebur ya kusa ninka girmansa, kuma kowace fihirisa sai ta karɓi sabon nuni. Dabarar HOT da ta zo a 2008, wadda ke rubuta sabon layi ba tare da an taɓa fihirisa ba, ta rage zafin, muddin ba a taɓa ginshiƙi mai fihirisa ba kuma akwai sauran fili a shafin ajiya da layin yake. Duk da haka, a 2016 injiniyoyin Uber sun ambaci wannan yawan rubutu cikin dalilansu na komawa wani tsarin, MySQL, inda injin ajiyarsa InnoDB ke canja layi a wurinsa ya adana tsohon a gefe. Shi kuwa tsarin SQL Server, in makullan umarni ɗaya suka kai wajen 5,000, yakan kulle tebur ɗin baki ɗaya.

Shi ya sa ƙwararru a yau ba sa haɗiye loma ɗaya. Sukan fara duba EXPLAIN, mai nuna hanyar da injin zai bi, su ga ko sharaɗin WHERE, mai zaɓar layukan da za a taɓa, yana bin fihirisa. Sukan tsallake layukan da ƙimarsu ta riga ta yi daidai, abin da mutane da yawa ke mantawa, alhali PostgreSQL zai sake rubuta su ko ba abin da ya canja. Sannan su raba aikin kashi-kashi ta lambar layi, a ce 10,000 a kowane zagaye, a tabbatar da canjin ya zauna, a saki makullai, a ci gaba. In kuwa kusan duk tebur ɗin za a canja, sau da yawa ya fi sauri a gina sabo, a ɗora masa fihirisa daga baya, a musanya sunayen.