Baƙin Sunayen Yara da Ma'anoninsu

Baƙon suna shi ne sunan da ba kasafai ake raɗa wa jariri ba a cikin wata al'umma a wani zamani. Wani tsufa ya yi har aka daina jin sa, wani aro shi aka yi daga wani harshe, wani kuma iyaye ne suka ƙago shi da kansu. Wuri da lokaci ne ke mai da suna baƙo. Sunan da za a juyo a kalli mai shi a wata ƙasa, a wata ƙasar sai a kira shi mutum biyar su amsa.

Hukumomin da ke ƙidayar sunaye suna da iyakarsu. Hukumar kula da walwalar jama'a ta Amurka, wadda bayananta suka faro daga 1880, ba ta wallafa sunan da aka raɗa wa yara ƙasa da biyar a shekara, don kada a gane masu shi. A Ingila da Wales iyakar uku ce. Bayanan Amurka sun nuna yadda abin ya sauya: a 1880 kusan kashi 8 cikin ɗari na jarirai maza John ne, kusan kashi 7 na mata kuwa Mary, amma a yau sunan da ya fi kowane yawa bai kai kashi 2 ba.

Sunayen tsoro da na fata

Ɗaya daga cikin daɗaɗɗun dalilan raɗa baƙon suna shi ne tsoron mutuwa. A Mongoliya, iyayen da suka sha binne 'ya'ya kan ba wa sabon jariri sunan da zai ɓatar da miyagun ruhohi: Nergüi, wato "marar suna", Enebish, "ba wannan ba ne", Khünbish, "ba mutum ba ne", har da Muunokhoi, "mugun kare". Baƙo zai ji kamar zagi ne, alhali ƙauna ce tsantsa. Uwa ce ke ɓoye ɗanta a bayan kalma mai muni don mutuwa ta zo ta wuce ba ta gan shi ba.

Larabawan jahiliyya kuwa abokan gaba suke yi wa tanadi, shi ya sa suke sa wa 'ya'yansu maza sunaye masu kaushi irin su Harb (yaƙi), Sakhr (dutse) da Hanzala, sunan wani ɗan tsiro mai tsananin ɗaci. Annabi Muhammadu (SAW) ya sauya wasu sunaye saboda ma'anarsu. Ya mai da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya mai ma'anar "mai saɓo" zuwa Jamila, ya kuma mai da Barra zuwa Zainab.

A Ingila ta ƙarni na 16 da na 17, Kiristocin da ake kira Furitan sun riƙa mai da wa'azi suna. Fitacce a cikinsu shi ne Praise-God Barebone, wanda sunansa na yanka ke nufin "yabi Allah", kuma da sunansa ake yi wa majalisar dokokin 1653 laƙabi. Bayan juyin juya halin 1917 a Rasha, siyasa ce ta karɓi wannan gurbi. Aka sami Vladlen daga Vladimir Lenin, jagoran juyin, Oktyabrina daga watan Oktoba na juyin, da Ninel, wato Lenin idan aka karanta daga ƙarshe.

Wannan dabara ta juya kalma ta sake ɓullowa a Amurka da Nevaeh, kalmar Turanci ta aljanna da aka rubuta a juye. Jarirai takwas kacal aka raɗa wa shi a 1999; a 2005 sun haura dubu huɗu. Haka baƙunta take ƙarewa da zarar suna ya yi farin jini. Vanessa ma ƙagagge ne: marubuci Jonathan Swift ya harhaɗa shi a ƙarni na 18 daga sunan wata ɗalibarsa, yau kuwa ba wanda ke jin sa baƙo.

Batun ma'ana

Nan ne iyaye suka fi tuntuɓe. Daɗin suna a kunne bai tabbatar da kyan asalinsa ba. Cecilia ana danganta shi da kalmar Latin ta makaho, Claudia da ta gurgu, Calvin da mai sanƙo, Cameron kuwa a harshen Gelik na Sikotlan "karkataccen hanci" ne. Jerin sunayen da ke yawo a intanet sun cika da ma'anoni na ƙarya, kowane suna sai a ce "kyautar Allah" ne ko "sarauniyar furanni". Wanda zai aro suna daga harshen da ba ya ji, ya fi masa ya tambayi masu harshen ko ya duba ƙamus ingantacce, domin yaron ne zai ɗauki sunan har tsufansa.

Inda doka ke shiga

Ƙasashe da dama sun ɗauki suna a matsayin haƙƙin yaro. Dokar Faransa ta 1803 ta taƙaita zaɓi ga sunayen da ke cikin kalanda da na mashahuran mutanen da, sai a 1993 aka sake wa iyaye mara. Duk da haka kotu na iya tsoma baki, kamar yadda wata kotu a Valenciennes ta hana sunan Nutella, ta mai da shi Ella. A Suwidin kotu ta ƙi amincewa a 1996 da wani suna mai haruffa da lambobi 43 da iyayen suka ce "Albin" ake furta shi. Niyu Zilan ba ta karɓar sunan da ya yi kama da sarauta ko muƙami, irin su King da Justice.

Aisilan ta fi tsanani. Tun 1991 take da kwamitin tantance sunaye, wanda ke duba ko suna zai zauna daidai cikin nahawu da haruffan harshen ƙasar. Wata yarinya mai suna Blær, ma'ana "sassanyar iska", ta girma takardun hukuma na kiranta Stúlka, wato "yarinya" kawai, saboda kwamitin ya ce sunan na maza ne. Tana da shekara 15 kotu ta ba ta gaskiya a 2013.

A Japan matsalar ta karatu ce, domin harafi ɗaya na kanji, wato haruffan Sinanci da Japanawa ke rubutu da su, yana iya ɗaukar furuci da yawa, wasu iyaye kuma sukan ƙago furucin da malami ko likita ba zai iya hasashensa ba. Irin waɗannan ake kira kirakira, wato "masu ƙyalli". Daga watan Mayun 2025 doka ta wajabta rubuta yadda ake furta kowane suna a rajistar iyali, kuma hukuma na iya ƙin furucin da ya yi nisa da haruffansa.