Hamayyar Duke da Karolina ta Arewa a ƙwallon kwando

Hamayyar Duke da Karolina ta Arewa daɗaɗɗiyar adawa ce tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon kwando na maza na jami'o'i biyu da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wato Jami'ar Duke da ke birnin Durham da Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill. Tazarar da ke tsakanin jami'o'in biyu ba ta wuce kilomita 16 ba, kuma hanya guda ce ta haɗa su. Ƙungiyoyin suna karawa aƙalla sau biyu a kowace kakar wasa, sau ɗaya a gidan kowacce, yawanci a farkon watan Fabrairu da kuma farkon watan Maris, kuma ana ɗaukar wannan karawa a cikin manyan wasannin hamayya na Amurka baki ɗaya. Wasan kansa minti 40 ne, rabi biyu na minti 20 kowanne, amma musu da hasashen magoya baya a kan wanda zai yi nasara yakan ɗauki makonni kafin ranar, har ya zama wani babban ɓangare na hamayyar.

Asali

An fara karawa tsakanin makarantun biyu ranar 24 ga Janairun 1920, inda Karolina ta yi nasara da maki 36 da 25. A lokacin sunan Duke Kwalejin Trinity ne, sai a 1924 aka sauya mata suna bayan attajirin taba James B. Duke ya ba ta dukiya mai yawa. Ita kuwa Jami'ar Karolina ta Arewa ta gwamnatin jiha ce, an kafa ta a 1789, ta fara karɓar ɗalibai a 1795. Dukansu biyu suna cikin waɗanda suka kafa rukunin gasar jami'o'i na ACC a 1953, kuma zama a rukuni ɗaya ne ya sa haɗuwarsu ta zama dole a kowace shekara.

Bambancin asalin jami'o'in ya shiga cikin adawar sosai. Duke makaranta ce mai zaman kanta, mai tsada, wadda mafi yawan ɗalibanta daga wasu jihohi suke zuwa, yayin da Karolina take ɗaukar akasarin nata daga 'yan jihar. Saboda haka magoya bayan Karolina sukan yi wa Duke kallon makarantar baƙi 'ya'yan masu kuɗi, su kuma na Duke sukan ce yawan mabiyan Karolina kawai ake gani, da yawansu ba su taɓa zama a aji a Chapel Hill ba. Duka ƙungiyoyin biyu shuɗi suke sawa, amma na Karolina mai haske ne kamar sararin samaniya, na Duke kuma mai duhu, kuma a yankin launin rigar mutum kaɗai ya isa ya nuna ɓangarensa. Ana yi wa 'yan Karolina laƙabi da Tar Heels, sunan da ya samo asali daga kwaltar da ake tatsowa daga itatuwan jihar a zamanin da, su kuma 'yan Duke ana kiransu Blue Devils, laƙabin da aka aro daga wata rundunar sojojin tsaunuka ta Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Masu horarwa da kofuna

Mutum biyu ne suka ɗaga wannan hamayya daga rikicin maƙwabta zuwa abin da duk ƙasar ke kallo. Dean Smith ya horar da Karolina daga 1961 zuwa 1997, ya ci wasa 879, ya ɗauki kofin ƙasa na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 1982 da 1993. A wasan ƙarshe na 1982 ne Michael Jordan, yana ɗan shekarar farko, ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara a kan Jami'ar Georgetown da maki 63 da 62. Smith ne kuma ya kawo Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba tallafin karatu na wasanni, a lokacin da wariyar launin fata take da ƙarfi a kudancin Amurka. Mike Krzyzewski ya karɓi Duke a 1980, ya zauna har 2022, ya ɗauki kofi biyar, a 1991 da 1992 da 2001 da 2010 da 2015, kuma ya yi ritaya da nasara 1,202 a tsawon aikinsa. Roy Williams, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Smith, ya dawo Karolina a 2003 ya ƙara mata kofi uku, a 2005 da 2009 da 2017. Idan aka haɗa da na 1957, Karolina tana da shida ke nan a kan biyar na Duke, kuma wannan tazara ta kofi ɗaya tana fitowa a kusan kowane musu tsakanin magoya bayan ɓangarorin.

Jiran wasa

Ba inda ake ganin muhimmancin jiran wasan kamar a Durham. Zauren wasan Duke, wato Cameron Indoor Stadium, an buɗe shi a 1940, kuma mutum 9,314 kawai yake ɗauka, abin da ya sa ya zama ƙarami ƙwarai idan aka kwatanta da girman sunan ƙungiyar. An ware wa ɗalibai wurare mafi kusa da filin, inda suke tsayawa tun daga farkon wasa har ƙarshe, sun shafe fuska da shuɗin fenti, suna miƙa hannuwa har su kusa taɓa ɗan wasan baƙi idan ya zo jefa ƙwallo daga gefe. Da yake wuraren ba sa isa, tun daga 1986 ɗalibai suka fara kafa tantuna a filin ciyawar da ke gaban zauren domin riƙe layi, har wurin ya samu suna Krzyzewskiville. A hankali abin ya zama tsari mai dokoki: tanti ɗaya yakan ƙunshi ɗalibai har 12, dole a samu wasu daga cikinsu a ciki dare da rana, kuma ɗaliban da ke kula da layin sukan busa jiniya a tsakar dare su kira suna, tantin da ya yi ta fashi kuwa ya rasa gurbinsa. Wannan zama yana faɗowa ne a watannin Janairu da Fabrairu, cikin sanyin hunturu da ruwan sama da taɓo, kuma waɗanda suka fi himma sukan shafe makonni a haka suna zuwa aji daga tanti. Har jarrabawa ake yi musu a kan tarihin ƙungiyar domin tantance wanda zai shiga gaba.

A Chapel Hill lamarin ya sha bamban, domin zauren Dean Smith yana ɗaukar mutum sama da 21,000. An buɗe shi ne a Janairun 1986, kuma da Duke aka yi wasan farko a cikinsa, Karolina ta ci 95 da 92. Can murnar ta fi fitowa bayan wasa, lokacin da dubban ɗalibai ke kwarara zuwa titin Franklin. Su ma ɗaliban Duke suna da tasu al'adar ta ƙona bencunan katako a harabar makaranta idan sun doke Karolina.

Abin da magoya baya ke auna wa

Musun da ake yi kafin wasa yana da ginshiƙai da suke maimaituwa kowace shekara, ko da 'yan wasa sun canza. Na farko shi ne gida: mai goyon bayan Duke yakan dogara da ƙuncin Cameron da hayaniyarsa, yana cewa ɗan wasan da bai taɓa shiga wurin ba sai hannunsa ya yi rawa. Sai kuma salon wasa. An san Karolina, musamman a zamanin Williams, da gudu da manyan 'yan wasa masu cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando su sake jefawa, Duke kuwa a ƙarƙashin Krzyzewski an san ta da matsa wa abokin karawa mutum da mutum da kuma jifan nesa mai maki uku. Don haka tambayar da ake yawan yi ita ce wa zai tilasta wa ɗaya ya bi saurinsa. Akwai kuma batun keta, domin a wasan jami'o'i ɗan wasan da ya yi laifi biyar an fitar da shi ke nan, kuma idan babban ɗan wasa ya yi biyu tun da wuri koci yakan zaunar da shi har hutun rabin lokaci, duk lissafin da aka yi ya rushe. Daga nan ne ƙorafi a kan alƙalan wasa yake tasowa, kowane ɓangare yana da yaƙinin cewa ɗayan ake fifitawa.

Batun da ya fi jawo dogon musu a shekarun baya-bayan nan shi ne ƙwarewa da hazaƙa. Tun da gasar ƙwararru ta NBA ta sa doka cewa sai ɗan wasa ya kai shekara 19 kafin a ɗauke shi, matasa mafiya hazaƙa sukan zo jami'a su yi shekara ɗaya su wuce. Duke ta rungumi wannan hanya sosai, ta hannunta Kyrie Irving da Jayson Tatum da Zion Williamson da Paolo Banchero da Cooper Flagg suka bi, haka ma Jahlil Okafor, wanda dangin mahaifinsa 'yan asalin Nijeriya ne, ya yi shekara ɗaya ya ɗauki kofin 2015. Masoyan Karolina sukan amsa da cewa ɗan shekarar ƙarshe da ya buga wannan wasa sau shida ko bakwai ya fi yaro ɗan shekara 18 sanin nauyinsa, kuma sukan kafa hujja da Tyler Hansbrough, wanda ya yi shekara huɗu bai taɓa shan kaye a Cameron ba. Daga 2021, da aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da kuma sauya makaranta ba tare da zaman jiran shekara ba, hasashen ya ƙara wuya, saboda ƙungiya kan canza fuska kusan gaba ɗaya tsakanin kaka da kaka.

Wasannin da suka ƙaryata hasashe

Abin da ya sa magoya bayan ƙungiyar da ake ganin ta fi rauni ba sa fid da rai shi ne tarihin wasan kansa, wanda ya sha kunyata masu lissafi. A ranar 2 ga Maris 1974 Duke tana gaba da maki takwas, saura daƙiƙa 17 a tashi, kuma a lokacin babu jifa mai maki uku, amma Karolina ta rama duka, Walter Davis ya jefa ta ƙarshe daga nesa, sannan suka ci 96 da 92 a ƙarin lokaci. A Fabrairun 1979 Smith ya umarci 'yan wasansa su riƙe ƙwallo su ƙi kai hari, aka tafi hutun rabin lokaci Duke tana da 7, Karolina ba ta da ko ɗaya, a rabi na biyu kowacce ta ci 40, aka tashi 47 da 40. Irin wannan jan lokaci yana cikin abubuwan da suka sa aka kawo agogon ƙayyade lokacin jifa a tsakiyar shekarun 1980, wanda yanzu daƙiƙa 30 ne.

A 1995 Krzyzewski yana jinya, har zuwa ranar karawar Duke ba ta ci ko wasa ɗaya a rukuninta ba, Karolina kuma tana matsayi na biyu a ƙasa da Jerry Stackhouse da Rasheed Wallace, amma sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu, bayan Jeff Capel na Duke ya jefa wata ƙwallo daga kusan tsakiyar fili, kafin Karolina ta sha da ƙyar da 102 da 100. A 2012 Austin Rivers ya ci wa Duke a daƙiƙar ƙarshe a Chapel Hill, 85 da 84. A ranar 20 ga Fabrairun 2019 kuwa, bayan makonni ana magana a kan yadda Karolina za ta tare Zion Williamson, har tsohon shugaban ƙasa Barack Obama ya zo kallo, takalmin Williamson ya yage cikin minti na farko, ya ji rauni a gwiwa ya fita, Karolina ta ci 88 da 72.

Shekarar 2022

Kakar ƙarshe ta Krzyzewski ce ta fi kowacce nuna yadda hasashe ke rushewa a wannan hamayya. A farkon Fabrairu Duke ta je Chapel Hill ta lallasa Karolina da 87 da 67, a lokacin da Hubert Davis yake shekararsa ta farko a matsayin babban kocin Karolina, kuma har wasu masoyan Karolina suna shakkar ko za a gayyace su gasar ƙasa. Ranar 5 ga Maris aka shirya bikin bankwana a Cameron, tsofaffin 'yan wasan Duke suka cika wuri, kuɗin tikiti ya yi tashin gwauron zabo, amma Karolina ta ci 94 da 81, har Krzyzewski ya tsaya gaban jama'a ya ba su haƙuri kafin a fara jawaban girmamawa.

Wata guda bayan haka, ranar 2 ga Afrilu, ƙungiyoyin suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar NCAA a birnin New Orleans, karo na farko ke nan da suka taɓa karawa a wannan gasa duk da shekara ɗari da suka yi suna hamayya. A jerin ƙarfin ƙungiyoyi da aka tsara kafin gasar, Duke ce ta biyu a ɓangarenta, Karolina ta takwas a nata. An yi ta karɓe jagoranci daga juna har zuwa mintin ƙarshe, inda Caleb Love na Karolina ya jefa mai maki uku ta saman hannun Mark Williams na Duke saura ƙasa da daƙiƙa 30, Karolina ta ci 81 da 77, kuma wannan ne wasan ƙarshe na Krzyzewski. Kwana biyu bayan nan Karolina ta sha kashi a hannun Jami'ar Kansas da 72 da 69 a wasan ƙarshe, bayan tana gaba da maki 15 a hutun rabin lokaci, shi kuma Jon Scheyer, tsohon ɗan wasan Duke da ya ɗauki kofin 2010, ya gaji kujerar Krzyzewski a Durham.