Waiwaye: wa ke da hakkin zana firam ɗin taga a Linux?

Tun daga tushe aka shuka rikicin. Tsarin X, wanda ke nuna tagogin manhajoji a allon kwamfuta, ya fito daga jami'ar MIT a Amurka a 1984, sigar X11 ta biyo baya a 1987, kuma da gangan masu gina shi suka ƙi tsai da yadda taga za ta kasance a allo. Jan taga, sauya girmanta da firam mai maɓallin rufewa duk an bar wa wata manhaja daban, wato manajan taga. Kowa na iya rubuta nasa, kuma da yawa sun rubuta.

Don a samu fahimtar juna tsakanin manhajoji da manajojin taga, David Rosenthal na kamfanin Sun ya tsara ƙa'idojin ICCCM, waɗanda suka fito a 1989, aka sabunta su a 1994. Sun yi ƙaurin suna wajen wuyar aiwatarwa, sai kowa ya ɗauki abin da ya ga dama ya bar saura. Daga baya aka ƙara wasu ƙa'idojin, EWMH, don abubuwa irin su cika allo.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne Java, yaren rubuta manhajoji. Yawancin manajoji kan ɗauki tagar manhaja su saka ta cikin wata taga tasu mai firam. Java ta ɗauka kowa haka yake yi, sai ta zauna jiran sanarwar an saka ta. To, wasu manajojin taga irin su dwm da xmonad ba sa yin haka. Mutum ya buɗe manhaja, ya tarar da fili mai launin toka, ba rubutu ba maɓalli. Java na da ɗan jerin sunayen manajojin da ta san ba sa saka taga cikin firam, ciki har da LG3D, wani aikin gwaji na Sun. Sai jama'a suka koma yi mata ƙarya: da umarnin wmname LG3D, manajansu ya ari sunan, taga ta cika. A ganina laifin na Java ne, don ta dogara da suna maimakon duba abin da manajan yake yi.

Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya zo don maye gurbin X, amma gardamar firam ta dawo. Mutter, manajan taga na tsarin tebur ɗin GNOME, ya ce kowace manhaja ta zana nata. KWin, takwaransa na tsarin tebur ɗin KDE, kuwa yana zana wa wadda ta nema. Shi ya sa wasanni da ƙananan manhajoji suka riƙa buɗewa a GNOME tsirara, babu inda za a kama a ja su, har sai da aka rubuta wata 'yar manhajar taimako, libdecor, don ta zana musu firam. Tsofaffin manhajojin X kuma, masu bi ta XWayland (gadar da ke ba su damar aiki a Wayland), sun daɗe suna fitowa dishi-dishi idan aka ƙara girman abubuwan da ke allo zuwa kashi 150.